Ɗalibina ya tambaye ni shaidar rayuwar Yesu wadda ba ta cikin Littafi Mai Tsarki

Iyayena da 'yan'uwana, ina neman shawararku. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe, kuma ajina ya haɗa 'ya'yan Kirista da na Musulmi. Ranar Talata wani yaro ɗan Billiri ya tambaye ni ko akwai wanda ba Kirista ba da ya rubuta labarin Yesu a wancan zamani. Aji ya yi tsit, ni kuwa na tsaya da alli a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Yaya zan amsa masa ba tare da na taɓa imanin kowa ba?

Tsohon malamin tarihi, Kaltungo:
'Yata, akwai su. Tasitus, marubucin tarihin Rum, ya rubuta wajen shekara ta 116 miladiyya cewa Bilatus, gwamnan da Rum ta naɗa a Yahudiya, ya yanke wa Almasihu hukuncin kisa a zamanin Sarki Tibariyas, kuma tun da mutum ne da ya raina Kirista ƙwarai, babu dalilin da zai sa ya ƙaga musu labari. Kafin shi, wajen shekara ta 93, Yusufus, Bayahude marubucin tarihi, ya ambaci Yakubu, ɗan'uwan Yesu wanda ake kira Almasihu. Yusufus yana da wani bayanin mai tsawo a kan Yesu, amma ki yi hattara da shi, domin masana suna ganin masu kwafa sun yi masa ƙari daga baya. Shi Bilatus kuwa, a 1961 aka tono dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya, wani tsohon birni a bakin teku a Isra'ila ta yau.

Malamin Islamiyya, Jekadafari:
Malama, zuwan Annabi Isa, alaihis salamu, ba abin jayayya ba ne a wurinmu. Inda za ki yi taka-tsantsan shi ne batun gicciye, domin aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su kuma gicciye shi ba. Ki ce musu, “Ga abin da Tasitus ya rubuta,” kada ki mayar da aji wurin muƙabala.

Wata matar fasto, Tumfure:
Na yarda da Malam, sai dai kada tsoron rigima ya sa ki ɓoye cewa galibin masana tarihi sun amince an gicciye shi. Tashinsa daga matattu kuwa maganar bangaskiya ce, ki bar mana ita a majami'a.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, da ku duka. Ranar Litinin zan fara da Tasitus.