Wa ya taɓa buɗe littafin rahoton shekara na kamfanin da ya sayi hannun jarinsa?

Ɗan Kwari: Salam 'yan uwa. Jiya ina gyaran akwatin tsohonmu Allah ya jiƙansa sai na ci karo da satifiket na hannun jari har guda shida, duk na bankuna, lokacin Soludo yana gwamnan Babban Bankin Najeriya ya saya da aka ce kowane banki sai ya kai jarin biliyan 25, wajen 2005 ɗin nan. A ƙarƙashinsu ga littattafan rahoton shekara jibgi guda ko ledarsu ba a yage ba, kuma biyu daga cikin bankunan yanzu ko sunansu babu. Abin da ya dame ni nima haka na yi a 2024 da bankuna suka sake fitowa neman jari, a waya na danna na saya ban karanta ko layi ɗaya ba. Wanda ya taɓa buɗe littafin nan don Allah me ya fara dubawa?

Ɗan fansho: Allah ya jiƙan Baba. Ɗana ni wuta ce ta koya min. 2007 na kwashe rabin garatutina na zuba a wani banki saboda kullum jarida tana cewa ribarsu ta ninka, farashi kuma sai hawa yake, har matata na sa ta sayar da awarwaronta. Daga Maris 2008 kasuwa ta fara gangarowa, muna cewa za ta dawo za ta dawo, sai ga Agustan 2009 Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. A nan na fahimci cewa bashin da banki ya bayar shi ne kadararsa a littafi, idan wanda aka ba ba zai biya ba kuma ba a rubuta hakan ba, to ribar nan zane ce kawai. Yanzu in banki ne shafin bashin da ya maƙale nake fara nema. Maganar awarwaro kuwa har yau ba ta mutu a gidana ba.

Mai shago a Singa: Baba Ɗan fansho ya gama magana wlh. Ni a shagona na gane abin ba a littafinsu ba. Akwai shekarar da na fitar da sukari da fulawa sosai, yarona mai rubutu ya buga lissafi ya ce Alhaji mun ci riba mai kyau, amma da aka zo biyan hayar shago sai da na ranto, saboda kayan duk suna hannun 'yan sari na ƙauye bashi. To kamfani ma haka yake, shafuka uku ne masu amfani, ɗaya ya nuna abin da ya mallaka da abin da ake binsa, ɗaya ciniki da kashewa da abin da ya rage, na ukun kuma tsabar kuɗin da ta shigo da wadda ta fita. Na ukun nan shi nake fara buɗewa. In riba tana hawa shekara biyu uku amma tsabar da ke shigowa daga ainihin sana'ar tana raguwa, ni dai na san wannan ciwon, na yi shi.

Maman 'yan biyu: Ni rabon riba ne ya ba ni dariya. Na sayi guda 10,000 a kan naira 20, dubu 200 kenan kuɗin adashena, aka sanar za a ba da kwabo 50 kan kowane ɗaya na lissafa dubu 5, alat ya shigo 4,500 har na kira dillalina da faɗa, ashe harajin kashi 10 ake cirewa tun daga can. Wato shekara guda cur kashi 2 da ɗoriya na samu. Wata shekarar kuma suka ba da bonas, ɗaya kan kowane biyar, na yi ta murna na samu 2,000 kyauta, kafin in farga farashi ya sauko daidai da ƙarin. Tuwon nan ne dai aka ƙara yanka shi.

Akanta: Hajiya kin burge ni da tuwon nan. Abu ɗaya zan ƙara, ku duba da wane kuɗi aka ci bashin. Ina da hannun jari a wani kamfanin kayan masarufi, 2023 cinikinsu ya ƙaru sosai amma suka fito da asara, dalili bashin dala ne a kansu, da aka saki naira a watan Yuni dala ta tashi daga wajen 460 ta kai wajen 900 a ƙarshen shekara, bashin ya kusa ninkawa a naira ba tare da sun ranci ko sisi ba. Ni da nake akanta ban leƙa ƙananan bayanan da ke bayan littafin ba, can ne aka rubuta komai. Shekarar nan ko kwabo ba a raba mana ba. Sannan masu cewa na naira 1 ya fi na naira 300 araha, a'a, raba farashin da ribar da kowane hannu ɗaya ya samu a shekara, amsar ita ce shekarun da ribar za ta ɗauka kafin ta mayar maka da kuɗinka.

Ɗalibi: Ni abin da ya kai ni littafin neman halas ne, in ga nawa ne bashi mai ruwa a kansu kuma nawa suke samu daga kuɗin ruwa. Sai na tarar lissafin da ya tsare min addini shi ya kauce da ni daga kamfanonin da bashi ya yi wa katutu.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai. Na yage ledar ɗaya yanzu, shafi ya fi 100, na rasa ta inda zan kama. Malam Akanta satifiket ɗin tsoho fa, sun mutu kenan?

Akanta: Kar ka yar ko ɗaya Alhaji. Ku nemo takardar gado daga kotu, ka kai wa dillali mai rajista ya bi maka wajen rajistaran kowane banki, wato masu riƙe sunayen masu hannun jari, a mayar da su asusun CSCS inda ake ajiye hannun jari a kwamfuta, ka cike fom ɗin biyan riba ta banki, wataƙila akwai ta shekaru da ba a karɓa ba. Na bankunan da aka haɗe da wasu ma a tambaya. Littafin kuma tsallake hotunan daraktoci da jawabin shugaba, fara daga rahoton odita, wato mai binciken lissafin kamfani.