Musayar Waƙa: Sabulun Wanke Kaki

Mai Tawada:
Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "ya" ne, kuma wanda ya maimaita kalmar da wani ya riga ya rufe baiti da ita, tara ta hau kansa.

Bismilla, alƙalami tashi,
Mu tono tsohon zancen jiya.

Ran 10 ga Nuwamba, 1995,
A Fatakwal, zamanin Janar Abacha, igiya ta hau wuya.

Marubuci Saro-Wiwa da abokan gwagwarmaya takwas,
Ogoni ta kwan da ciwon zuciya.

Washegari, taron Commonwealth
Ya dakatar da Najeriya.

Turai ta hana biza da makamai,
Mandela ya ce a toshe wa man fetur hanya.

To me ya hana a toshe ɗin?
Masu baiti, ga tambaya.

'Yar Zaure:
Malam, amsarka na Washington,
Kasuwar kamun ƙafa ta duniya.

Ka ɗau kamfani, ka zube masa dala,
Ya yi wa kaki wanka da kwalliya.

A kwaso 'yan jarida a jirgi,
Masauki kyauta, ga 'yan rakiya.

A zaga da su inda aka share,
Kurkuku kam ba ya cikin tafiya.

Su koma gida su cika shafi,
Wai sun tarar da kowa lafiya.

Sanatar Amurka Moseley-Braun, a 1996,
Ta ga Abacha, gida aka yi hayaniya.

Farrakhan, mai wa'azin Amurka, ma ya zo a shekarar,
Ya ce a ba soja lokaci su shirya.

Dattijon Layi:
'Yata, baitinki ya yi zaƙi,
Sai dai kin labta wa dillali kaya.

Ɗanyen mai ne ya yi maganar,
Wane jirgin dako ne ya tsaya?

Amurka na saye, Shell na haƙa,
Mai shan ruwa ba ya cike rijiya.

Kamfanonin mai suka bi majalisa,
Ba don Janar ba, don moriya.

Tom Ikimi, ministan waje,
Ya sha kai-komo har gajiya.

Fushi da Mandela ya faɗa kan ƙwallo,
1996, aka hana Eagles tafiya.

Wannan na ƙarshen har yau yana ci mini rai. Mu ke riƙe da kofin Afirka na 1994, aka ce ba za mu je Afirka ta Kudu mu kare shi ba, CAF kuma ta ƙara mana da haramcin 1998.

Autan Marubuta:
Baba, sana'ar fa tana nan da ranta,
Leƙa Myanmar, can Asiya.

A 2021 soja suka ƙwace mulki,
Dillalin kamun ƙafa Ben-Menashe suka ɗauko haya.

Dala miliyan 2 aka rubuta,
Takunkumin Amurka ya hana a biya.

Dokar FARA, ta rajistar wakilan ƙasashen waje, ce ta tona takardar,
Kwangila a Amurka ba ta ɓuya.

'Yar Zaure:
Auta, ka sa ni dariya: an ɗauko mai kwance ƙulli, ƙullin ya ɗaure ladansa. Amma ku bar ni in juyo Nijar.

Juyin mulkin Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyaka,
Direba na kwana gindin taya.

Najeriya kuma ta yanke wuta,
Duhun, talaka ya sha shi shi ɗaya.

Malamai suka nufi Yamai,
Da rawani da lallashi, ba tsiya.

Gowon ya roƙa, aka ɗage takunkumi a 2024,
Bazoum na tsare, wa ya ja da baya?

Mai Tawada:
Hajiya, wannan baiti na direba ya tsaya mini. Baba kuma, da girman kujerarka, ka rufe baiti da "tafiya" bayan 'yarka ta riga ka. Tara: baiti biyu a kan Ikimi kafin gobe.