Yaya zan koya wa ɗalibai su gano kuskurensu a Scratch da kansu?

Malamin CM2, Tahoua:
Assalamu alaikum. Ina koya wa ɗalibaina na CM2 (ajin ƙarshe na firamare) Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda yaro ke jera tubala masu launi maimakon rubuta umarni. Kwamfutoci shida gare mu, kuma muna amfani da sigar da ba ta buƙatar intanet. Damuwata ita ce, da zarar yaro ya danna koriyar tutar da ke kunna aikin, kyanwar da ke bin umarnin tubalan a allon kwamfuta ba ta yi abin da yake so ba, sai ya rushe aikin baki ɗaya ko ya kira ni. Wace dabara kuke bi?

Malamar lissafi, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka daina taɓa musu linzamin kwamfuta, domin duk gyaran da ka yi da hannunka, kai ne ka koya, ba su ba. Ni nakan fara da zanen murabba'i: maimaita sau 4, tafi taki 100, juya digiri 90. Daga nan sai in ce su zana alwatika wadda gefunanta uku tsawonsu ɗaya, kuma kusan kowa yakan sa 60, saboda ita ce kusurwar da suka haddace, alhali kyanwar tana buƙatar juya 120 ne, wato 360 a raba gida 3. Ba na faɗa musu amsar. Mukan fita fili, ɗaya ya zama kyanwa, wani ya karanta masa tubalan ɗaya bayan ɗaya, har su ga a kan rairayi inda sawun ya kauce.

Mai gyaran kwamfuta, Tahoua:
Malam, ka nuna musu cewa kowane tubali yana aiki shi kaɗai idan an ware shi daga jeri an danna shi, saboda haka ana iya raba dogon jeri biyu a gwada kowane rabi. Tubalin jira na daƙiƙa 1 kuma yana rage saurin kyanwar har ido ya iya bin ta.

Malamin CM2, Tahoua:
Na gode muku ƙwarai. Malama, fita fili zai yi mini amfani musamman ranakun da aka ɗauke wuta, sai dai a watan Afrilu rairayin Tahoua ba ya takuwa da rana, dole mu yi shi da sassafe.