Finafinan barkwanci da muryar Fanjabi: yaya ake yin irinsu da Hausa?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Finafinan barkwanci na Amurka da ake ɗora wa muryar Fanjabi sun karɓu ƙwarai a Pakistan da Indiya, musamman Baby's Day Out na 1994. Ina sirrin yake? Kuma mai son yin irinsu da Hausarmu ta nan, da me zai fara?

Baban Yara, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Mutanen birnin Faisalabad na Pakistan da suka yi suna a wannan aikin ba sa bin maganar fim kalma da kalma. Ajiye ta suke yi, su zuba ba'arsu ta kasuwa a bakin 'yan wasa. Baby's Day Out, fim ɗin jaririn nan da ɓarayi uku, magana kaɗan ce a cikinsa, faɗuwa da buguwa sun fi yawa, shi ya sa mai murya ke samun fili. Haka Algaita ta Kano ta kama mutane da finafinan Indiya. A nan, ka ba kowane ɗan wasa bakinsa: wannan yana surka Fulatanci, wancan yana jefa Faransanci. Amma yara da iyaye ne za su zauna kallo tare, don haka ban da batsa, ban da zagin ƙabila.

Mai Sauti, Injamena: Malam, inda aka fi lalata aiki shi ne wajen cire muryar asali. Nemi fim mai sautin 5.1, wato wanda aka raba sautinsa layi shida. Magana kusan duk a layin tsakiya take, sauran layukan na kiɗa ne da ƙarar abubuwa. Buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce, ka kashe layin tsakiya a wurin magana kawai. In ka share shi gaba ɗaya, ƙarar mari da kukan jariri za su tafi, dariyar kuwa a nan take.

Ɗauki murya da saitin ingancin sauti na 48 kHz, kar ƙarfinta ya haura -6 dB a ma'aunin manhajar. Tsakanin baki da makirfo kamar taƙi ɗaya, da safa a kan zoben waya a tsakani saboda iskar "f" da "b". Ɗaki ƙarami, katifa a jikin bango, bargo a ƙofa, fanka a kashe. Da zafin Maris da Afrilu, a yi aikin bayan Asuba, kafin babura su fito. Janareto ya yi nisa, gurnaninsa ba ya fita da tacewa sai ya ci muryar.

Yaya Babba, Ngaundare: Ƙari a kan na Mai Sauti: duba gudun hoton tun farko, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. In fim na 23.976 ne ka haɗa shi a 24, baki da murya za su rabu da kusan daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya. In a 25 ne, tun minti na farko za ka gani. Yanka aikin gunduwa-gunduwa, minti biyu zuwa uku, kuma jimlar Hausa ta ƙare kafin ɗan wasa ya rufe baki. Kafin ka fitar, saurara a ƙaramar waya, don a nan yawancin mutane za su kalla, kuma kiɗa na danne magana a lasifikarta.

Baban Yara, Marwa: Ƙanena, fim na da masu shi. Ba tare da izininsu ba YouTube na iya sauke shi, ko kuɗin tallar ya koma wurinsu. Koyi hannu da tsoffin finafinan bebaye na farkon shekarun 1920 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, babu ma muryar da za ka cire.