Neman shawara: daga zanen injuna zuwa injiniyancin lantarki

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, magabata da 'yan uwa. Ina da difloma ta ND a fannin injiniyancin injuna, kuma sana'ata ita ce zanen sassan injuna a wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano, inda muke ƙera tankuna da kayan injin casar shinkafa. Hannuna ya faɗa sosai a manhajojin zane na kwamfuta, AutoCAD da SolidWorks. Abin da ya dame ni shi ne, duk kyan zanen da na fitar, wani ne yake yanke kaurin ƙarfe, wani ne yake sa hannu, ni kuwa ina nan inda nake. Na lura aikin lantarki, musamman na sola da na fanel (akwatin sarrafa wuta) ɗin masana'antu, yana ƙara buɗewa, raina kuma ya karkata can. Shekaruna sun haura 30, ina da iyali. Shin in ajiye aiki in koma jami'a, ko akwai hanyar da zan bi ba tare da tukunyar gida ta daina tafasa ba?

Wani injiniyan lantarki daga Kaduna:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka guda biyu ce a haɗe, kuma sai ka raba su kafin shawara ta yi maka amfani. Idan abin da kake so shi ne sa hannu a kan aiki, to wannan yana hannun COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 domin kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda take yi wa mutane rajista a matakai 4, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu. Difloma ta ND ba ta kai mutum matakin injiniya, komai daɗewarsa a bakin aiki. Ana bukatar digiri daga sashen da hukumar ta amince da shi, ko babbar difloma ta HND da aka ɗora wa PGD (difloma ta gaba da digiri) a fanni ɗaya, sannan wasu shekaru na aiki bayan kammalawa. Idan kuwa aikin lantarkin kansa kake so, ƙofarsa a buɗe take tun yau. Sai dai ka sani, idan ka koma lantarki ba tare da takarda ba, ƙorafin da ka kawo mana zai bi ka can: za ka zana, wani ya sa hannu.

Wani malamin foliteknik:
Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara maka lissafin shekaru. A al'adar makarantun da ke ƙarƙashin NBTE, hukumar da ke kula da foliteknik, HND a lantarki tana bukatar ND a lantarki, saboda haka wannan hanyar tana nufin ka sake difloma daga tushe. Hanyar jami'a ta fi miƙewa. Digirin injiniya shekara 5 ne, mai ND kuma yana iya neman shiga kai tsaye ta JAMB zuwa aji 2, shekara 4 ke nan zai yi, ciki har da watanni 6 na koyon aiki a masana'anta. Aji 2 zai zo maka da sauƙi, domin yawancin darussansa na haɗaka ne ga duk ɗaliban injiniya, har da zanen da kai za ka iya koyar da shi. Kowace jami'a da sharaɗinta game da karɓar ND ta wani fanni, don haka ka duba kundin JAMB na bana, ka kuma je sashen lantarki na Bayero ko na Wudil da ƙafarka ka yi tambaya kafin ka sayi fom.

Gargaɗina ɗaya ne, kuma shi ne yake kayar da mutane. Mai zanen injuna ya saba da abin da ido yake gani, a auna shi da ma'auni, a juya shi a kwamfuta. Lantarki ba a ganinsa, da lissafi kawai ake kama shi, kuma daga aji 3 lissafin yakan yi nauyi ƙwarai. Ka ɗauko littafin lissafinka na ND ka zauna da shi wata 3 kowane dare. Idan ka ga ranka yana jurewa, ka ci gaba.

Wata injiniya mai aikin gine-gine a Abuja:
Malam, ni ba zan ba ka shawarar ajiye aiki yanzu ba. Ofisoshin da ke tsara wuta da ruwa da sanyaya ɗaki na manyan gine-gine kullum suna neman mai zane mai tsafta, kuma wanda ya fahimci famfo da bututu, ya kuma iya shimfiɗa hanyar waya, ya fi wanda ya san ɓangare ɗaya daraja. Ka koyi manhajojin AutoCAD Electrical da Revit, ka koyi karanta zanen layi ɗaya wanda ke nuna tafiyar wuta daga taransifoma mai kilobolt 11 ko 33 har zuwa fanel. Ka ma fara daga inda kake. Kowane injin casar da kuke ƙerawa moto ne yake juya shi, kuma akwai wanda yake haɗa masa fanel. Ka roƙe shi ka riƙa zana masa, kana tambayarsa dalilin kowane zaɓi: me ya sa moto yake jan wuta ninki 5 ko fiye a lokacin tashi, me ya sa ake ƙara kaurin waya idan tafiyar ta yi nisa, me ya sa wannan bireka ba waccan ba. Shekara guda a haka za ta nuna maka ko son fannin kake yi ko gajiya da kujerarka.

Wani dattijon ma'aikacin wuta mai ritaya:
Ɗana, na yarda da 'yata Injiniya, amma da sharaɗi. Kuskuren zanen ƙarfe a bita ake gano shi, a sake yanka. Kuskuren waya yakan kwanta shiru a cikin bango har ranar da zai ci kasuwa. Kada kwas ɗin sola na mako 2 ya sa ka fara karɓar kwangilar gidajen mutane. Hukumar NEMSA ce take ba masu haɗa wuta takardar ƙwarewa, cibiyar NAPTIN kuma tana horar da ma'aikatan wuta, ka nemi ɗaya daga cikinsu kafin ka taɓa waya mai rai. Game da digiri kuwa, na saɓa da masu cewa a jira. Yara suna girma, kuɗin makarantarsu yana ƙaruwa, abin da ya yi maka wuya bana zai fi wuya baɗi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Baba, idan na samu gurbin, ta yaya zan riƙe gida, tunda karatun na cikakken lokaci ne?

Injiniyan Kaduna:
Da zanen da kake neman bari. Aiki ne da ake yi da kwamfuta a ko'ina, kuma masu ƙira da 'yan kwangila suna biya a kan kowane zane. Tun yanzu ka tara abokan hulɗa 3 ko 4 a waje, ka kuma yi magana da maigidanka ko zai mayar da kai aikin yamma da ƙarshen mako. Wannan ne ma dalilin da zai sa ka fifita jami'ar da ke kusa da Kano a kan ta nesa. Amma ka fara duba sakamakonka na ND, domin sassa da yawa ba sa karɓar ƙasa da matakin Upper Credit.