Splinter Cell: Blacklist ko Chaos Theory, wanne ya fi iya sanɗa?

Mai_Manet_Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka buga jerin Splinter Cell ne. Ɗakin wasa ne a nan Garwa, PS3 huɗu, babu intanet a kansu, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Faifai biyu ke gabana, Blacklist da Trilogy HD mai ɗauke da na farko da Pandora Tomorrow da Chaos Theory, kuɗin ɗaya kawai ke hannu a yanzu. Wasu na cewa Blacklist ya koma wasan harbi kamar Conviction da ya gabace shi a jerin, wasu na cewa shi ne ya dawo da sanɗar da aka sani. Don Allah wanda ya san su ciki da bai ya fayyace min bambancin: yadda ake ɓuya, yadda masu gadi ke gane mutum, da batun adana wasa. Sannan wanne ne mutum biyu za su iya bugawa a talabijin ɗaya?

Baba_Inuwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bambancin gaba ɗaya yana cikin abin da wasan ke gaya maka game da kanka.

A Chaos Theory na 2005 ma'auni biyu ke allo. Na farko na haske ne, yana tafiya daga baƙi ƙirin zuwa fari tas, kuma tsakiyarsa na da ma'ana: a rabin inuwa mai gadi na nesa ba zai gan ka ba, na kusa zai tsaya ya yi ɗan magana ya taho dubawa. Na biyu na ƙara ne, shi ne abin da na fi so a wasan. Akwai wata 'yar alama a jikinsa da ke nuna yawan hayaniyar wurin da kake. Muddin motsinka bai wuce alamar ba, babu mai jin ka. Shi ya sa a ɗakin injin jirgin ruwa na misiyon na biyu za ka iya ɗaga ƙafa ka yi sauri, amma a cikin bankin Panama, inda shiru ya yi yawa, taku ɗaya mai nauyi ya isa a juyo. Saurin tafiyar Sam Fisher, jarumin da kake sarrafawa, yana hannunka, gwargwadon yadda ka tura sandar manet, wato abin riƙewa na buga wasa, kuma irin ƙasar da ka taka tana ƙara ko rage ƙarar.

Conviction na 2010 ya zubar da duka biyun. Idan kana ɓoye allo ya koma baƙi da fari, idan kana fili launi ya dawo, shi ke nan. Ba a ɗaukar gawa a ɓoye ta. Ya kawo sa wa abokan gaba alama a harbe su da danna maɓalli ɗaya, da kuma farin hoton Sam da ke tsayawa a wurin da aka gan shi na ƙarshe. Ba sai ka damu da shi ba, bai fito a PS3 ba ma, Xbox 360 da kwamfuta ne.

Blacklist na 2013, aikin reshen Ubisoft na Toronto, ya tsaya a tsakani. Ya dawo da ɗaukar mutum a kafaɗa a kai shi lungu ko a jefa a akwati, ya dawo da sumar da mai gadi ba tare da kisa ba, ya dawo da tabaran ganin dare. Amma ma'aunin bai dawo ba. Fitilar da ke bayan rigar Sam ce ke ƙara haske idan kana cikin duhu: ko kana ɓoye ko ba ka ɓoye. Idan wani ya fara hango ka, wani farin baka ne ke fitowa a tsakiyar allo yana cika, ya koma ja idan an tabbatar. Ma'aunin ƙara babu shi sam, sai dai ka san cewa gudu na ji, tsugune ba ya ji sosai, takalmin da ka saya kuma na rage ƙara. Wato a Chaos Theory da duhu kake ɓuya, a Blacklist yawanci da bango da akwati kake ɓuya, kana tsalle daga mafaka zuwa mafaka kafin bakan ya cika. Misiyon ɗin farko bayan gabatarwa, na Bengazi, da rana tsaka ake yin sa, wannan kaɗai ya nuna maka inda suka sa gaba.

Kayan aiki ma haka. Bindigar hannu ta Chaos Theory tana da wata na'ura da ke kashe ƙwan fitila ko kyamara na ɗan lokaci ba tare da fasawa ba, sai ta sake cika kafin a ƙara amfani da ita. Amfaninta shi ne harbin ƙwai na yin ƙara, mai gadi ya zo ya ga duhu ya kunna tocila ko ya jefa abin haske, alhali da na'urar za ka wuce fitila ta dawo kamar ba a yi komai ba. Kowace ƙofa tana da zaɓi: leƙa ta ƙasa da wayar kyamara, buɗewa a hankali, bankawa da ƙarfi don a buge na bayanta. Makulli kuma ko ka buɗe shi da haƙuri, ko ka fasa da wuƙa cikin sauri a ji ƙara kuma a ga alama daga baya. Idan ka shaƙo mai gadi ta baya ka tambaye shi, sau da yawa yakan ba ka lambar ƙofa. A bankin nan akwai zaren haske na tsaro da ke mutuwa idan mai gadi ya kusanto, don haka ka sumar da ɗaya ka saɓa shi a kafaɗa ka ratsa. Irin wannan dabarar da wuri ke koya maka da kansa ta yi ƙaranci a Blacklist.

A ganina wanda ke neman sanɗa tsantsa Trilogy HD zai ɗauka, saboda Chaos Theory kaɗai.

Hajja_Marwa237:

Baba, duk abin da ka faɗa kan ma'auni gaskiya ne, amma ka yi wa Blacklist rowar yabo, kuma ba ka amsa masa batun mutum biyu ba, wanda shi ne abincin ɗakin wasa.

Malam, Trilogy HD na 2011 labarin mutum ɗaya kawai ke ciki. An cire misiyon ɗin haɗin gwiwa na Chaos Theory, an cire na gasa. Manet ɗaya, sauran yara su zauna kallo. Blacklist a PS3 yana raba allo biyu ba tare da intanet ba, a misiyon ɗin gefe da ake karɓa daga mutanen cikin Paladin, jirgin saman da ke zaman sansanin su Sam. Iri huɗu ne, kuma kowanne da halinsa. Na Grim sanɗa ce zalla, da an gan ka an tayar da ƙararrawa an gama, a koma farko, babu zango a tsakiya. Na Kobin a share duk masu gadin wuri ne, idan aka gan ku a ƙaro wasu. Na Charlie a ofisoshin jakadanci ake yi, abokan gaba na zuwa rukuni-rukuni har 20, ana iya ficewa bayan kowane biyar, kuma shi ne wanda yara za su fi nema don akwai harbi. Na Briggs dole sai mutum biyu. Wasan 'yan leƙen asiri da sojojin haya kuwa ka cire shi daga lissafi, na intanet ne, kuma an rufe sabar wasan tun 2022.

Masu cewa ya zama wasan harbi yawanci a matakin sauƙi suka buga. Matakan wahala huɗu ne. Ka sa na ƙarshe, wanda a na'urar da aka saita da Faransanci za ka ga an rubuta Perfectionniste. A nan harbin maɓalli ɗaya ba ya aiki, tabarau ba ya nuna mutum ta bayan bango, akwatunan ƙarin harsashi a hanya ba sa ba ka komai, kuma ba ka iya kama mai gadin da ya riga ya gan ka ta gaba. Abin da ka shigo da shi da shi za ka fita. Wasan ya zama wani abu daban.

Maki kuma kashi uku ake raba shi a ƙarshen kowane wuri: Fantôme ga wanda bai kashe ba kuma ba a gan shi ba, Panthère ga mai kisa a ɓoye, Assaut ga mai fito-na-fito. Mafi tsoka shi ne mai gadin da ka wuce ba ka taɓa shi ba, bai ma san ka zo ba. Makin ne ke zama kuɗin sayen kaya, don haka wasan da kansa yana biyan mai haƙuri fiye da mai harbi. Kuskuren sababbi shi ne zuba kuɗin farko a bindiga. Ka fara da takalmi da wando masu rage ƙara, sai bakan nan mai kibiya huɗu: mai wutar lantarki, mai hayaƙin barci, mai ƙarar jan hankali, da mai kashe na'urori. Bayan su tabarau. Ɗan jirgin nan mai farfela uku yana da amfani wajen leƙa ɗaki kafin shiga, amma ƙararsa na jawo ido idan ka matsa kusa. Kuma kullum ka duba da'irar makamai ka tabbata hannun Sam na kan sumarwa, ba wuƙa ba, don mutane da yawa na ɓata makin Fantôme a nan ba su sani ba.

Abubuwa uku ne ke tona asiri a Blacklist waɗanda ɗan Chaos Theory bai saba da su ba. Kare yana jin warinka ko a duhu ne, ya yi haushi ya jawo kowa, don haka shi ake fara kwantarwa daga nesa da kibiyar lantarki ko hayaƙi. Mai sulke da hular ƙarfe ba a tunkarar sa ta gaba, sai ta baya ko a faɗo masa daga sama. Sai mai zama da na'ura a lungu, wanda ke dagula maka tabarau yana turo 'yan motoci masu fashewa. Idan allon tabarau ya fara yayyafi, nemo shi kafin komai. Wanda ka sumar ka bari a hanya kuma, abokinsa zai tashe shi, su biyu su shiga nemanka.

Mai_Manet_Garwa:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Saura batun wuta. Idan ta ɗauke a tsakiyar misiyon, wanne ne ya fi sauƙin asara?

Abakar_Kusuri:

A nan Chaos Theory ya yi gaba, yayana. Yana barin ka adana a duk inda kake, ko kana rataye a bututu ne. Ka saba da adanawa bayan kowane ɗaki, kuma a gurbi biyu kana musanyawa, saboda idan ka adana daidai lokacin da wani ya fara hango ka, gurbin ya lalace maka ke nan, duk lodawa a cikin tashin hankali za ka farka. Blacklist zango-zango yake adanawa da kansa, ba ka da ta cewa. Zangon ba su da nisa sosai a babban labari, amma a misiyon ɗin Grim ɗaukewar wuta daidai take da kama ka, daga farko za ku sake. Ga mai biyan kuɗin minti talatin wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara a ba su na Kobin ko na Charlie idan wuta ba ta da tabbas.

Abin da ya fi asarar zango muni shi ne wuta ta tafi lokacin da alamar adanawa ke juyawa a gefen allo, fayil ɗin na iya lalacewa gaba ɗaya, kuma a Blacklist kuɗi da duk kayan da aka saya a ciki suke. Ƙaramin ondila, wato batirin ajiyar wuta na UPS, mai riƙe PS3 da talabijin na 'yan mintuna ya wadatar a fita wasa a kashe yadda ya kamata. Ka kuma buɗe wa ɗakin asusun mai wasa ɗaya a PS3 da aka riga aka saya masa kaya, kada kowane yaro ya fara daga babu. PS3 filashin USB mai tsarin FAT32 kawai take karantawa idan za ka kwafe ajiyar wasanni, wanda aka tsara da NTFS ba za ta gan shi ba.

Wani abu da ba a ambata ba, hasken ɗakin kansa. Chaos Theory baƙi ne ƙwarai, an yi shi don a kalla a duhu. A shago mai ƙofa buɗe da ranar Garwa, allon zai koma madubi, yaro ya bar tabaran dare a kunne daga farko har ƙarshe, ko ya ƙure hasken talabijin har inuwa ta zama toka-toka, ya daina gane inda duhu yake sai ta ma'auni. Ka juya talabijin ɗin ya ba ƙofa baya, ka sa labule mai kauri, ka haɗa da HDMI maimakon wayar nan mai kai uku. Amma kada labulen ya toshe iska, a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, tsohuwar PS3 mai kauri kuma ba ta jure ƙura da zafi tare. A ɗaga ta daga ƙasa, a bar tazarar hannu a bayanta.

Kuma don adalci, kowannensu na da wurin da yake karya dokarsa. Chaos Theory misiyon 10 ne, kuma Seoul da ƙarshen gidan wanka na Japan suna tura ka cikin yaƙi ko kana so ko ba ka so. Blacklist yana da wuraren harbi daga jirgi ta sama, da wani yanki a Filadelfiya inda za ka koma Briggs kana kallo ta idonsa kamar wasan harbi. Muryar Sam ma ta canza, Eric Johnson ne a madadin Michael Ironside, sai dai wanda ke bugawa da Faransanci wannan bai shafe shi ba.

Baba_Inuwa:

Hajiya ta fi ni gaskiya kan ɗakin wasa, na manta an cire haɗin gwiwa a Trilogy HD. Ƙanena, ɗauki Blacklist yanzu don masu zuwa bibbiyu. Idan kuɗi ya samu ka ƙara ɗayan, kuma ka fara su da Chaos Theory kai tsaye, kada ka bi jeri. Na farko na 2002 da Pandora Tomorrow suna da misiyon da ƙararrawa ɗaya ko uku ke kawo ƙarshen wasa, gawar da ka bari a haske kuma tana iya tayar da ita bayan ka yi nisa, sabon hannu zai ajiye manet tun a daren farko. A Chaos Theory ƙararrawa ba ta kore ka, sai dai masu gadi su sa rigar sulke, in ta ƙaru su ɗora hular ƙarfe su kama wurare, makinka na ƙarshe ya sauko daga 100. A ba su bankin Panama, misiyon na uku, a ce wanda ya fita da 100 bai kashe kowa ba a yafe masa kuɗin zaman.