Ɗaliban da kuɗinsu ya ƙare, ya kuke yi da su?

Mai Ɗinki, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da yanka da ɗinkin abaya ta waya, ana biya duk wata, bidiyon kuma a zauren WhatsApp nake turawa. Wasu wata ya ƙare ba su sabunta ba, suna zaune suna kwasar darasi, ni kuma ina jin nauyin fitar da su don 'yan unguwa ne. Abin da ya fi ci mini rai, bidiyon da na raba dare ina ɗauka na gan shi a wayar wadda ko sisi ba ta biya ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki koma Telegram, ki buɗe tashar sirri. A saitinta akwai wurin hana turawa da ajiye abin da kika ɗora. Kowace ɗaliba ki ba ta nata mahaɗin, wato link ɗin shiga tashar, wanda mutum ɗaya kaɗai zai shiga da shi. Amma ki sani, ko mahaɗin ya daina aiki, wadda ta riga ta shiga tana nan sai kin cire ta da hannunki. Mai ɗauka da wata wayar kam ba a iya masa, don haka ki liƙa sunan shagonki a jikin bidiyon.

Uwargida Mai Girki, Hotoro:
'Yar uwa, kunyar nan ita za ta karya miki sana'a. Ni ranar biya ɗaya ce ga kowa, 1 ga wata, na ɗaga ƙafa kwana uku, na tura tunatarwa, sannan na cire. Tun ranar shiga nake faɗar wannan doka, shi ya sa ba wadda take ganin ita aka ware. Kuma kar ki zube darussan gaba ɗaya, mace za ta biya wata guda ta kwashe ta tafi. Mako-mako za ki riƙa saki. Paystack, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, yana iya cirar kuɗi daga katin bankin ɗaliba duk wata, sai dai yawancin ɗalibaina ta Opay ko Moniepoint suke turowa, saboda haka littafi nake da shi: suna, ranar biya, shaidar tura kuɗi.

Mai Ɗinki, Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Akwai marayu biyu da ba zan taɓa cirewa ba, zan rubuta su daban a matsayin kyauta. Malam, tsofaffin bidiyon da ke WhatsApp fa, sai na sake ɗora su ɗaya bayan ɗaya?